Baffa da Wutsiyar Doka

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Baffa, wan mahaifina kuma babban maƙerin garinmu, ya rasu ranar Talata da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Na yi zaman makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda liman ya tsawata wa jama'a saboda dariya ba sai nasa. A zo a yi addu'a a shafa, a yi shiru kaɗan, sai wani ya gyara zama ya ce, "Kun tuna ranar da Baffa..." Shi ke nan, wuri ya kaure. Liman ya ce, "Jama'a, gaisuwar mutuwa fa muke karɓa." Bai rufe baki ba shi ma ya tuno tasa.

Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Roni da Gwiwa, amma a kwana ukun nan mashina sun cika ƙofar gida har gindin durumi.

Ardo, shugaban Fulanin da ke zaune yamma da mu, tun ranar farko ya zo. Ya jingine sandarsa ya ba da labarin shekarar da aka fito da dokar burtali, aka ce duk wanda gonarsa ta ci hanyar shanu ya mayar. Baffa ya ji a rediyo da safe. Kafin rana ta take ya je ya auna da ƙafarsa, ya tarar gonar da ya gada ta shiga burtali da taku huɗu. Ya tumɓuke gambar iyaka ya ja ta baya, sannan ya wuce ruga.

"Ina ɗaure maruƙa na ji sallama," in ji Ardo. "Ya ce, Ardo, ashe shekara da shekaru ɓarawo kake gaisarwa. Ga taku huɗunka na mayar. Ciyawar da shanunka suka rasa kuma, ka yafe. Kwamiti bai zo ba sai bayan wata biyu. Da suka zo, shi ya riƙe musu igiyar awo."

Wani mai kemis na Kazaure, abokin Baffa, ma ya zo. Kirista ne mutumin kudu, a cikinmu ya tsufa, kowa Oga yake ce masa. Rufe shago ya yi ya hau acaɓa. Ya zauna a tsakiyarmu yana share ido da hankici yana cewa, "Baba ya fi lauya. Lokacin da aka sake ƙa'idar lasin na masu sayar da magani, kafin ƙungiyarmu ta kira taro shi ya gaya mini. Kuma maganin gwiwa ya zo saye."

A gefen tabarma akwai malamin daji, wato ma'aikacin da ke kula da itatuwan yankinmu. Sai da zai tashi ya yi magana. Ya ce, "Shekarata goma sha a aikin nan. Baffa kaɗai ne ya taɓa kawo mini ƙarar gidansu."

Baba Ƙarami, ƙanen Baffa, ya ɗago kai ya ce, "Ni aka kai ƙara. A faɗa kowa ya ji." Aka yi dariya, shi kuwa hawaye ke bin gemunsa.

Ranar sadakar uku, Gwaggo, ƙanwarsu, ta kira ni cikin gida. Ta ce, "Kai da ya tura makaranta da furfura a gemu, ba ka ji abin da ake ta faɗa a waje ba? Baki mantuwa gare shi. Je ka rubuta." Abin da na zauna yi ke nan, a hankali, yadda hannuna ya iya.

Baffa bai yi boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, yana ɗan taɓa ajami, sauran iliminsa na wuta ne da ƙarfe. Amma ban san mutumin da ke murna da sabuwar doka kamarsa ba. Wasu in sun ji an ce gwamnati ta fito da doka, gabansu faɗuwa yake. Shi kuwa kamar an ce masa an yi haihuwa. Akwai ƙaramar rediyo a rataye a maƙera. Da mai labarai ya ce an sa hannu a kan wata doka, sai Baffa ya ɗaga masaba sama ya tsaya cak, ko da ƙarfe ya yi ja yana jiran duka. Ƙarfe nawa ya huce a kan uwar maƙera saboda majalisar dokoki, Allah kaɗai ya sani.

Ba ruwansa da ko dokar ta shafe shi. Ta masu gidan burodi, ta masu acaɓa, ta kwanon awo a kasuwa, ta yadda za a riƙa ba da kwangila a ƙananan hukumomi, duk sai ya bi diddigi. Ranar kasuwa ya je ya tare mai abin ya ce, "Ka ji taka ta fito?" Saboda haka ake ce masa Alƙalin Maƙera, shi kuma yana amsawa.

Yakan ce, "Doka ƙarfe ce da aka ciro daga wuta. Wanda ya cafka da hannu ya ƙone. Wanda ya gudu ya bar ta, ta huce ba ta zama komai ba. Mai hankali awartaki yake nema." Yakan kuma ce, "Ba dokar da ke zuwa ba wutsiya. Kai yana cewa an hana, wutsiya tana cewa sai dai. Malalaci a kai yake tsayawa."

Shi ya sa ni ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da 'yan kai. Na ce, "Baffa, 'ya'yana fa suna sakandare, dariya za su yi mini." Ya ce, "Su yi. Na gaji da aron ido. Yaran nan in sun karanta mini takarda tsere suke yi. Kai kuwa ba ka da sauri a komai, kai nake so." Tun daga ranar ya daina kirana da komai sai Ɗalibi.

A bazarar da ta wuce aka zo aka liƙa wata sanarwa a bangon zauren mai gari. Sai da ta kwana biyu labari ya iso maƙera, kuma da mummunar kama ya iso: an hana gawayi. Baffa ya ajiye awartaki ya ce, "Ɗalibi, taso da idonka."

Na tsaya gaban takardar na bi ta baƙi-baƙi. An hana sare itace. An hana yin gawayi, an hana safararsa. Duk wanda aka kama... A nan rubutu ya ƙare.

Wanda ba maƙeri ba ba zai san nauyin maganar nan ba. Mu ba da kowane gawayi muke ƙira ba, sai na ƙirya. Na sauran itatuwa toka yake zama kafin ƙarfe ya yi ja. In babu gawayin ƙirya babu maƙera, kuma gida bakwai ne a garinmu ke ci daga bakin wutar nan. Ga damina saura 'yan makonni, lokacin da kowane manomi ke kawo fartanya da garma da sungumi a gyara masa ko a ƙera sabo. Abin da maƙeri ya samu a makonnin nan, shi ke riƙe shi har kaka.

Baffa kuwa ya matsa ya bi gindin takardar da yatsa. Ya ce, "Wannan ba yankan almakashi ba ne." Ya sunsuna bangon. Da ƙullun rogo aka liƙa ta. Ya waiwaya, sai ga akuyar mai gari a inuwa tana tuƙa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, akuyarka ta cinye rabin dokar gwamnati."

Mai gari ya ce, "To Alƙali, sai ka yanke mata hukunci."

Wani ya ce ai abin da ta ci bai wuce tara da ɗauri ba, gara ma da ta ci. Baffa ya ce, "A'a. Gwamnatin da ke rabon taki ta san da fartanya ake noma. Ba za ta hana gawayi ta manta da maƙeri ba. In ta manta, mu je mu tuna mata. In ba ta manta ba, to maganarmu tana cikin akuyar nan."

A ranar ya sa aka kashe wutar maƙera. Ya ce ba za a sake hura ta ba sai an ga ƙarshen takarda. Baba Ƙarami bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yaya, ka bar ni in bi ta Babura. A tsallaken iyaka da sefa ake sayen gawayi, ba mai tambayar takarda. In rufa masa buhun dusa a sama, wa zai sani?"

Baffa ya ce, "Na ji, ka ɓoye gawayi. Ƙarar masaba fa, a aljihu za ka sa ta? Ka taɓa ganin an yi ƙira a asirce?"

Washegari Asabar ce, ofisoshi a rufe. Na ce mu bari sai Litinin. Ya dube ni kamar na zage shi. Kafin in gama karin kumallo ya riga ya hau bayan mashin ɗina ya zauna, da babbar riga da carbi, yana kiran, "Ɗalibi, rana tana yi."

Muka fara da Gwiwa. Mun sami sanarwar, amma an liƙa hoton wani ɗan takara a kan rabinta na ƙasa. Baffa ya so ya ɓamɓare, na ce ya rufa mana asiri. Muka juyo Roni. Ta bakin kasuwa an yage gindinta, mai tsiren da ke wurin ya rantse ba shi ba ne, alhali ga takardu a gabansa yana ƙunshe nama. Zafi ya yi zafi, duwatsun hanya har wani hayaƙi suke yi. Na ce mu koma gida. Baffa ya ce, "Ka lura kuwa? Duk inda muka je wutsiyar ce babu. Abin da kowa ke rububi, mai daɗi ne. Ja mu je Kazaure."

A Kazaure muka tsaya wurin Oga don Baffa ya sha ruwa ya miƙe gwiwa. Yana ba shi labarin akuya, sai Oga ya buɗe durowa ya ciro takarda a ninke, lafiyayya, ko ƙura babu. Wani ɗan cocinsu mai gidan burodi ne ya ba shi ya duba masa. Oga ya gyara tabarau zai karanta, Baffa ya ce, "A'a, ba Ɗalibi. Kai gudu kake yi."

Na sa yatsa na bi. Na wuce hani, na wuce hukunci. Sai na iso wani layi da ya fara da "Sai dai".

Baffa ya miƙe tsaye, ya manta da gwiwa, hularsa ta faɗi cikin kwalin magani. "Ga ta nan! Karanta, karanta, kada ka tsallake ko ɗigo."

Abin da ta ce shi ne, masu sana'ar da ba ta yiwuwa sai da gawayi ko itace za su iya neman izini. Su haɗu su yi ƙungiya su yi mata rajista. Malamin daji ya zo ya duba itatuwan da suka mutu da kansu, ya shafa musu jan fenti, su kaɗai za a taɓa. Kuma a dasa wasu a raine su. Sau uku ya sa na maimaita. A na uku yana bina da baki, ya riga ya haddace. Ya sa aka buga mana kwafi goma a shagon kusa. Duk wanda muka gamu da shi a hanya, mai gidan burodi ne, mai tsire ne, masassaƙi ne, sai ya ce in tsaya ya miƙa masa ɗaya. Da muka isa gida guda ɗaya ta rage.

Na ɗauka an gama. Ashe an fara ne.

Da aka ce a kawo sunaye, maƙera suka noƙe. Suka ce duk sunan da ya shiga takardar gwamnati, haraji ne zai biyo shi. Baffa ya tara su a maƙera ya ce, "Sunanka yana kan katin zaɓe. Yana kan layin wayarka. Ranar rabon taki har faɗa ka yi don ba a rubuta shi ba. Yau ne ya zama amarya?" Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa na rubuta. Aka ce kuma sai ƙungiya ta kawo ƙa'idojinta a rubuce. Baffa yana faɗa ina rubutawa, kwana uku muna abu ɗaya. Ta farko da ya sa ita ce: ba a saran ɗanye.

Ranar dangwala hannu a ofishin rajista, ba zan manta ba. Baffa ya danna babban yatsa a tawada ya danna a takarda, sai ga baƙin dunƙule, babu zane ko ɗaya. Ma'aikaciyar ta ce ya sake. Ya sake, haka. Baba Ƙarami ya gwada, shi ma haka. Shekara hamsin na wuta ta shafe musu zanen yatsa. Ta riƙe baki tana dariya ta ce, "Baba, ina kuka kai yatsunku?" Ya ce, "'Yata, suna jikin fartanyoyin ƙasar nan, je ki tattaro." Da ƙaramin yatsa aka samu, shi ne bai cika taɓa ƙarfe ba.

Aka sa ranar da malamin daji zai zo. Ana gobe, Baffa ya ce mu zaga mu ga itatuwan da za mu nuna. Ƙirya biyar muka samu a bushe. Huɗu matsakaita ne, a gindin dutse. Ta biyar tana bakin gonar Baba Ƙarami, ƙatuwa, mutum biyu ba sa rungume ta. Gawayinta ita kaɗai zai kai mu har kaka. Baba Ƙarami yana ta shafa ta yana cewa Allah ya kawo mana sauƙi.

Baffa ya zaga ta sau biyu. Ya tsaya yana kallon ƙasar da aka tara a gindinta. Ya sa ƙafa ya ture. Sai ga wurin da aka ɓare ɓawonta, an zagaye ta kaf kamar an sa mata zobe.

Tsohuwar dabara ce ta maƙera. In kana son ƙirya baɗi, bana za ka ɓare mata ɓawo a gindi ka rufe da ƙasa, ta bushe a tsaye, kowa ya ce ajalinta ne.

Baba Ƙarami ya ce, "Tun bara na yi, kafin a san da wata doka. Haka Babanmu ya koya mana, ni da kai. Nawa ka yi wa haka da hannunka?"

"Da yawa," in ji Baffa. "Shi ya sa yau muka yini muna yawo muka sami biyar. Da muna yara, daga ƙofar gida ake hango hamsin."

"To mayar da ƙasar ka rufe. Ba wanda ya tambaye ka."

"Takarda ta ce wadda ta mutu da kanta. Wannan kashe ta aka yi."

"Yaya, gida bakwai za ka sa a yunwa saboda layi ɗaya? Ka zaɓi takarda ka bar ɗan'uwanka?"

Haka muka juyo gida. Tun tasowata kwano ɗaya suke ci su biyun, a zaure, bayan magariba. Ran nan kowa a ɗakinsa ya ci. Gwaggo ta tsaya a tsakar gida tana faɗa yadda duka za su ji: "Tsofaffi biyu, haƙoranku in an haɗa ba su cika baki ɗaya ba, wai kuna gaba. Sai ku bari in na mutu ku yi."

Da safe malamin daji ya zo da gwangwanin jan fenti da buroshi, maƙera duka muna biye da shi. Ya duba huɗun nan, ya ƙwanƙwasa, ya shafa musu fenti. Muka iso babbar. Wani ya riga ya mayar da ƙasar ya daddale. Malam ya ɗaga kai ya ce, "Kai, wannan ta yi muku." Ya tsoma buroshi.

Baffa ya ce, "Dakata, Malam." Ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya tone da hannu.

Fenti yana ɗiga daga buroshi a kan takalmin Malam. Ya ce, "Baba, ka san abin da ka nuna mini? Zan iya rubuta cewa ƙungiyarku tana kashe itace. In na rubuta haka, ko huɗun can ba za ku samu ba."

Baffa ya ce, "Na sani. Amma in ka shafa fentin nan, kafin Juma'a kowane maƙeri daga nan har Babura ya ji yadda ake yi. Kowa ya ɗauki gatari ya je ya yi wa ƙirya zobe, baɗi ya kira ka ka shafa. Shekara biyar, kai ba ka da abin gadi, mu ba mu da abin ƙira."

Sai Baba Ƙarami ya ratso mutane ya fito. Ya ce, "Malam, ni na yi, bara. Kada ka rubuta ƙungiya. Ni za ka rubuta."

Malam ya tsuguna ya duba wurin, ya ga tsohon rauni ne, ya riga dokar. Ya ce shi abin da ya gani zai rubuta, duka, hukunci kuwa na manyansa ne. Ya rufe gwangwani ya hau mashin ya tafi.

Makonni biyun da suka biyo baya sun fi kowane tsawo. Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma. Manoma su zo da fartanya a kafaɗa, su tarar da toka mai sanyi, su juya. Wasu suka tafi kasuwa suka sayo na kanti, waɗanda ke lanƙwashewa in sun gamu da tsakuwa. A majalisa ana cewa gaskiyar Baffa ta kashe mana wuta. Har a cikin gidanmu an faɗa, ni ma ban ce ban faɗa a zuciyata ba. Shi kuwa kullum da safe sai ya share maƙera, ya shafa wa zugazugi mai, ya jera awartaki. Ƙafarsa ta kumbura tun tafiyar Kazaure, amma bai fasa ba. In an tambaye shi ya ce, "Ana dafa takarda. Ba a buɗe tukunya."

Wata Alhamis da hantsi muka ji mashin ya tsaya. Malamin daji ne da ambulan. Baffa yana kwance a zaure, ƙafar ta hana shi tashi, ya miƙo mini ya ce, "Daga sama har ƙasa." An ba ƙungiya izini a kan itatuwa huɗu. Babbar ba za mu taɓa ta ba. Za mu dasa abin da doka ta ce, wanda ya ɓare ɓawon kuma zai ƙara da nasa, ya raine su har su fi ƙarfin dabba.

Baba Ƙarami yana bakin ƙofa yana ji. Ya ce, "Nawa ne nawan?" Malam ya gaya masa. Ya ce, "Zan ninka. Kuma keji zan ƙera musu na ƙarfe, in ga akuyar da za ta ci."

Baffa ya ce, "Kafin ka ƙera keji sai an hura wuta. Me kuke jira?"

Ba mu taɓa yin gawayi da sauri irin na ran nan ba. Aka sare, aka binne, aka sa wuta, da rana tsaka, Malam yana tsaye yana kallo. Ranar da aka tono gawayi aka cika buhun farko, Baffa ya ce a kai shi maƙera. Ni da Baba Ƙarami muka tallafe shi, hannu ɗaya a wuyana, ɗaya a wuyan ƙanensa. Muka shimfiɗa masa buzu a jikin bango. Baba Ƙarami bai jira an ce masa ba, ya zauna ya kama zugazugi, aikin da ya bari tun yana saurayi. Wuta ta kama, ta yi shuɗi, ta yi fari. Na sa guntun sifirin ɗin mota, na ciro, na ɗora a kan uwar maƙera na fara duka.

Daga kan buzu, ido a rufe, Baffa ya ce, "Bai nuna ba. Mayar da shi."

Na mayar. Da na sake cirowa ya ce a miƙo masa masaba. Muka ja buzun kusa. Ya ce bismillah, ya buga sau uku, ƙarar ta ratsa gari. Kafin ƙarfen ya huce sai ga mutane ta kowane lungu, wani da garma, wani da fartanya uku a hannu, wata tsohuwa da laujenta, har Ardo ya aiko da gatari. Layi ya kai gindin durumi. Wanda ya fi kowa zagin Baffa a majalisa shi ne a gaba. Baffa ya dube shi ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗalibi, fara da tasa. Bakinsa ya yi aiki, bari hannunsa ma ya yi."

Gawayin itatuwa huɗu bai kai mu kaka ba, sai da muka yi ta tsimi, muna kashe wuta da azahar. Amma ba gonar da ta kwana ba noma saboda rashin fartanya. Da magaribar ranar da aka hura wutar kuma Gwaggo ta kai kwano ɗaya zaure.

Baffa bai sake riƙe masaba ba. Ya ga damina, ya ci tumun sabon gero, sannan Mai shi ya kira shi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya sha zafin wuta don mutane su ci abinci. Ya ba Gwaggo da Baba Ƙarami haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Yau da safe aka tashi daga zaman makoki. Mun naɗe tabarmi, mun buɗe ƙofar maƙera har bango, mun hura wuta.